Jirage Na Shela, Mu Ba Ma Saurare: Hujjar Kafa Ƙananan Tashoshin Bibiyar Jiragen Sama a Makarantunmu

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tafi kai tsaye ga magana.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne: da kayan da kuɗinsu bai kai dala 100 ba a farashin masana'anta, kowace jami'a da kwalejin fasaha daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Zariya zuwa Damagaram, za ta iya mallakar tashar da ke ganin jiragen da ke ratsa samanta. Kuɗi ba su hana mu ba, ilimi bai hana mu ba. Abin da ya ɗaure mu shi ne shirun hukumomi a kan tambaya ɗaya: an yarda ko ba a yarda ba?

Abin da ke sauka a kan rufinmu

Kusan duk jirgin fasinja na zamani yana ɗauke da tsarin ADS-B. Jirgin yana karɓar matsayinsa daga taurarin ɗan'adam na GPS, sannan ya watsa shi a kan mita 1090 megahaz ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Kowane saƙo bit 112 ne, yana fita cikin mikirosakan 120. Matsayi yana fita kusan sau biyu a sakan ɗaya, haka ma gudu da alkibla, lambar tafiya kuma duk bayan sakan biyar. A cikin kowane saƙo akwai lambar shaida mai bit 24 da ƙasar rajista ta ba jirgin a tsarin hukumar jiragen sama ta duniya ICAO, kuma babu jirage biyu masu lamba ɗaya. Ba a kulle saƙon da wani mabuɗi ba. An tsara shi ne don kowa ya ji, saboda amfaninsa shi ne masu kula da zirga-zirga da sauran jirage su san inda kowane jirgi yake.

Ostireliya ta wajabta shi a samanta na ƙololuwa tun Disamba 2013, Amurka daga 1 ga Janairu 2020, Tarayyar Turai daga Disamba 2020. Wannan ya sa manyan jiragen da ke tashi daga Landan ko Amsterdam su nufi Legas, Abuja ko Johannesbag suna ratsa saman ƙasar Hausa suna shelar kansu dare da rana. Kano, inda jiragen sama suka fara sauka tun 1925, ita ce ta ba yankin kula da sararin samaniyar Nijeriya sunansa. Amma wanda ya buɗe taswirar masu karɓar waɗannan saƙonni zai ga Turai ta cika maƙil, yankinmu kuwa ɗigo nan, ɗigo can.

Kayan aiki da yadda ake haɗa su

Abu huɗu ake bukata. Na farko kwamfutar Raspberry Pi, wadda duka-dukanta allo ɗaya ne da ke zama a tafin hannu. Ta fito daga Kambirij ta Ingila a 2012 a kan dala 35, kuma samfurin Pi 3 ya isa wannan aiki har da rara. Na biyu 'yar na'ura mai kama da filash da ake kira RTL-SDR. Asalinta ta kallon talabijin ce a kwamfuta, sai masu bincike suka gano cewa guntun RTL2832U da ke cikinta yana iya miƙa ɗanyen sigina ga manhaja, ta koma rediyon da ke kama mitoci daga kimanin megahaz 24 zuwa sama da 1,700. Na uku katin mimori mai gigabait 8 ko fiye. Na huɗu eriya.

A kan eriya zan ɗan tsaya, domin a nan ɗalibi ke taɓa darasin aji da hannunsa. Tsawon zango a mita 1090 santimita 27.5 ne, kwatansa santimita 6.9. A yanko wayar tagulla mai kauri daidai wannan tsawo a tsayar a tsakiyar soket, a yanko wasu huɗu ko takwas masu tsawo ɗaya a liƙa a gefe da dalma, a lanƙwasa su ƙasa digiri 45. Shi ke nan, an sami eriyar da ake kira gizo-gizo. Mai gyaran rediyo a kasuwa zai haɗa ta kafin shayinsa ya huce. Na ga ɗalibin da ya yanke wayarsa da ka, ba awo, tasharsa ta kasa ganin komai sai jiragen da ke dab da sauka. Da ya ɗauko rula ya sake yanka, nan take allon ya cika. Darasin da na yi ta maimaitawa a allo bai zauna masa ba sai a ranar.

Manhajar da ke fassara saƙonnin ita ce dump1090, wadda ɗan Italiya Salvatore Sanfilippo ya rubuta a 2012 ya sake ta kyauta, kuma daga gare ta readsb ta samo asali. Hanya mafi sauƙi ita ce a sauke PiAware na kamfanin FlightAware a rubuta a katin, a saka sunan wayifai da kalmar sirri a fayil ɗin saiti, a jona wuta. Bayan 'yan mintoci, a buɗe adireshin kwamfutar a burauza ta ƙofa 8080, sai ga taswira da jirage suna tafiya a kai. Abu biyu ne mutane ke sakaci da su. Ɗaya, shigar da matsayin eriya da tsayinta daidai. Biyu, ƙarfin karɓa: na'urar tana kaiwa desibel 49.6, kuma sabon shiga yakan ƙure shi, sai jiragen kusa su toshe mata kunne. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ana duba adadin saƙonni har a sami daidai.

Lissafin nisa

Wannan sigina a miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa. Ƙa'idar sananniya ce: nisa a kilomita shi ne 4.12 sau tushen murabba'in tsayi a mita. Jirgin da ke ƙafa 35,000, wato kimanin mita 10,700, ana iya jin sa daga kilomita 426. Wanda ke mita 1,000, kilomita 130. Wanda ke mita 300, kilomita 71 kacal.

Mu ɗora wannan a kan taswirarmu. A miƙe, daga Kano zuwa Damagaram kimanin kilomita 205 ne, Maraɗi 225, Abuja 345, Sakkwato 375. Ke nan tasha ɗaya a kan bene mai tsawo a Kano tana ganin manyan jirage a saman duk waɗannan garuruwa. Maiduguri, mai nisan kusan kilomita 500, da Agadas mai 550, sun fi ƙarfinta, sai an kafa nasu. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasarmu gata ce a nan, domin abin da mai tasha a ƙasashen duwatsu ke nema ruwa a jallo mu muna da shi kyauta. Sai dai wanda gidansa ke gindin Dala ko Goron Dutse ya san zai rasa ɓangare guda na sama.

Akwai dalilin da ya sa nake cewa tashoshi, ban ce tasha ba. Tsofaffin jirage da yawa ba sa faɗin matsayinsu, lambar shaida da tsayi kawai suke bayarwa. Idan tashoshi huɗu ko fiye suka ji saƙo ɗaya, ana auna bambancin lokacin isarsa ga kowacce a fitar da inda jirgin yake. Wannan shi ne MLAT, kuma tasha ɗaya tilo ba ta iya yin sa komai ingancinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da jagororin Turai ba sa faɗa

Matsala uku ke kashe tasha a wajenmu. Ta farko zafi. Pi tana fara rage gudu idan cikinta ya kai digiri 80, mu kuwa a Afrilu inuwa ma tana haura 40. Wanda ya ɗaure ta a ƙarƙashin kwano cikin rufaffen akwati ya gasa ta. A sa ta a inuwa, inda iska ke ratsawa.

Ta biyu wuta. Ɗauke wuta ba zato yana lalata katin mimori. Amma tashar duka wat 5 take ci, wato wat-awa 120 a yini. Farantin sola mai wat 50 a rana ta awa biyar yana ba da 250, batir mai bolt 12 da amfiya-awa 20 yana riƙe 240. Ya isa har da ranar hazo. A tabbatar dai abin da ke isa ga Pi bolt 5 ne tsayayye, don cajar waya ta bakin titi ba ta iya wannan aiki.

Ta uku turakun kamfanonin waya, masu watsawa a kusa da megahaz 935 zuwa 960 da ƙarfin da ke danne siginar jirgi. Maganinsu matatar sigina ta 1090, ko na'urar karɓa mai matata a ciki. Ga kuma batun igiya: siririyar RG-58 tana cinye kusan rabin sigina a mita shida. Wayar dish, RG-6, wadda ke kowane shagon lantarki, ta fi ta nesa ba kusa ba.

Amfanin

Ƙungiyar OpenSky, wadda ta faro a 2012 daga haɗin gwiwar masu bincike na Suwizalan, Jamus da Jami'ar Oksfod, tana ba malaman jami'a bayanan da masu sa kai suka tara kyauta. Ɗalibinmu zai iya nazarin zirga-zirgar saman Frankfot dalla-dalla, amma na saman garinsu sai ya tarar da giɓi. Lokacin da Nijar ta rufe samanta a ranar 6 ga Agusta 2023 har zuwa 4 ga Satumba, jiragen Turai suka koma dogon zagaye. Wace jami'a tamu ce ke da nata kundin abin da ya faru a wannan wata? Taswirar GPSJam, da aka buɗe a 2022, tana nuna inda ake toshe siginar GPS a duniya, kuma da bayanan irin waɗannan ƙananan tashoshi take aiki. Inda babu tasha, babu labari.

Za a ce ai akwai taurarin Aireon, masu karɓar ADS-B daga sama tun 2019, kuma hukumar kula da zirga-zirgar jirage ta ASECNA da Nijar ke cikinta tana amfani da su. Gaskiya ne, amma wannan bayani na sayarwa ne ga hukumomi, ba ya isa ɗakin gwaji na kwaleji. Haka ma tashoshin rada tara na shirin TRACON da aka ƙaddamar a Nijeriya a 2010, ciki har da na Kano, Maiduguri da Talata Mafara: na masu kula da zirga-zirga ne, kuma babu mai cewa tashar gida ta maye gurbinsu.

Batun tsaro da doka

Da zarar an ambaci bibiyar jirage sai a ce tsaro. Ina roƙon masu wannan magana su amsa abu uku. Na'urar karɓa kawai take yi, ba ta watsa komai, ba ta iya taɓa jirgi. Mafi yawan abin da take gani yana wayar kowa ta hanyar Flightradar24, kamfanin da ya faro a Suwidin a 2006, mai tashoshin masu sa kai sama da 30,000. Jirgin soja kuwa idan ya fita aiki yana iya kashe na'urarsa. Raunin ADS-B na gaske shi ne ana iya ƙirƙirar jirgin bogi a watsa, kamar yadda Andrei Costin da Aurélien Francillon suka nuna a 2012, kuma yawan masu saurare shi ke tona irin wannan ƙarya, domin lokutan isar saƙon ba za su dace da matsayin da aka yi iƙirari ba.

Duk da haka, dokar sadarwa mara waya da muke tafiya a kanta a Nijeriya ta 1961 ce, an rubuta ta shekara 51 kafin Raspberry Pi. Na nemi izinin ɗora eriya a kan wani gini na gwamnati. Aka ce in kawo a rubuce, na kawo. Aka ce oga ba ya nan. Daga baya aka ce abin ya shafi wani ofishi, can ma aka maido ni inda na fito. Babu wanda ya ce a'a, babu wanda ya ce to. Wani ɗalibina ya sha tambayoyi a shingen hanya saboda wayar tagulla mai santimita bakwai. Ta haka ake kashe bincike ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba.

Shawarwari

Na ɗaya, hukumar sadarwa NCC da ta jiragen sama NCAA su fitar da sanarwa ɗaya a rubuce da ke fayyace matsayin na'urar karɓa zalla a mita 1090. In rajista ake so, a yi fom mai shafi ɗaya.

Na biyu, kowane sashen injiniyan lantarki ya kafa tasha a matsayin aikin ɗaliban ajin ƙarshe, Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, da aka kafa a 1964, ta jagoranci daidaita ma'auni.

Na uku, a ajiye kwafin bayanan a kwamfutocin jami'o'inmu kafin a tura wa kowa a waje. Dalili kuwa, an sayar da ADS-B Exchange, taskar da ke tara bayanan irin waɗannan tashoshi, ga wani kamfani a Janairu 2023, masu sa kai da suka gina ta suna ji suna gani.

Na huɗu, makarantun Maraɗi, Damagaram da Agadas su shigo tun daga farko, don MLAT bai san iyakar ƙasa ba.

Ina fatan wakilan hukumomin da ke zauren nan za su faɗa mana, kafin a tashi, ofishin da ke da alhakin amsa tambayarmu da ranar da za mu sami amsar.