Darasin maɗinkan Meksiko: aikin sandika ya wuce zancen albashi

 

Maganata ta yau a kan zumuncin ƴan ƙwadago ne a lokacin bala'i, kuma daga birnin Meksiko zan ɗauko misalina.

Ranar 19 ga watan Satumba na 1985, da ƙarfe 7 da minti 19 na safe, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 8 ta afka wa birnin. A kan tsohon tafki aka gina shi, ƙasarsa mai laushi ce, shi ya sa ɓarnar ta yi yawa. Dubban mutane suka rasu. A unguwar San Antonio Abad, mata maɗinka sun riga sun zauna gaban kekunansu, domin da sassafe suke kama aiki. Da yawa daga benayen da suke ciki ba don masana'anta aka gina su ba, amma aka jibga musu injuna da dilolin yadi har suka fi ƙarfin ginshiƙai. Da ƙasa ta motsa, sai suka rufta a kan ɗaruruwan mata.

Abin da ya biyo baya ya ƙara wa mutane takaici. Wasu masu masana'antun suka zo suna fid da injuna da yadi, alhali gawarwaki na ƙarƙashin ɓaraguzai. Da yawa daga matan ba su da takardar ɗaukar aiki, balle su nemi diyya. Manyan ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar kuwa suna rataye ne da PRI, jam'iyya mai mulki a lokacin. Mu da muka san zamanin jam'iyya ɗaya, mun san abin da wannan ke nufi.

Sai matan da suka tsira suka kafa sansani a bakin titi, suka tare hanya, suka ce ba injin da zai fita sai an fid da ƴan uwansu, an kuma biya hakkinsu. Ɗalibai, lauyoyi da ƙungiyoyin mata suka dafa musu. A watan Oktoba suka yi maci zuwa fadar shugaba Miguel de la Madrid. Wata guda bayan bala'in, gwamnati ta amince da sandikansu mai zaman kansa, wanda suka raɗa wa suna "19 ga Satumba", ƙarƙashin jagorancin wata maɗinkiya, Evangelina Corona. Su ma ƴan haya da gidajensu suka rushe sun haɗa kai, sun ƙi a kwashe su zuwa bayan gari. Ala tilas gwamnati ta karɓe filaye, ta gina gidaje fiye da 40,000 a cikin unguwanninsu.

Amma jama'a, ku saurari ƙarshen labarin. Shekara 32 cif bayan haka, ranar 19 ga Satumba na 2017, wata girgizar ta sake zuwa, wani bene mai ɗauke da wuraren ɗinki ya sake ruftawa a kan ma'aikata a unguwar Obrera. An dai samu diyya a 1985, amma sa ido a kan gine-gine bai ɗore ba.

Ga abin da nake so mu riƙe. Girgizar ƙasa ƙaddara ce, amma rage siminti da ƙarfe, da cin hancin mai duba gini, aikin mutum ne. Tara gudummawa bayan rasuwa abu ne mai kyau, sai dai ba ya tayar da matacce. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Ƙasarmu ba ta fama da girgiza, amma damina na rushe mana gidaje. A 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Saboda haka ina kira ga sandikoki su sa maganar gini cikin takardar koke-kokensu, kusa da albashi da kuɗin ariya: a duba ajin da malami ke koyarwa, da rumfar da ɗan kasuwa ke haya, da ɗakin da lebura ke kwana. A amince ma'aikaci na da ikon ƙin shiga ginin da ya tsage ba tare da an kore shi ba. A kuma buɗe ƙofa ga marasa takardar aiki, domin su gini ke fara dannewa.

 Allah ya kiyaye mu.