Bakin Haya: Laƙabin Ɓatanci da Mawaƙa a Yaƙin Neman Zaɓe a Kano



Wannan takarda za ta duba yadda ake liƙa wa abokin hamayya mummunan suna lokacin kamfe, da kuma bakin da ake ɗauka haya domin yaɗa sunan. Na zaɓi Kano saboda a nan abin ya fi daɗewa, kuma ya fi zafi.

Tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC waƙa take cikin makaman siyasa. Sai dai irin su Malam Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja 'yan jam'iyya ne na haƙiƙa, aƙidarsu suke rerawa. Da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu a 1980, sai aka samu 'yan Santsi na Abubakar Rimi da 'yan Taɓo na Malam Aminu Kano. Yau matasa da yawa ba za su iya faɗin abin da ya raba su ba, amma sunayen suna nan daram. Laƙabi ya fi hujja tsawon rai.

Abin da ya sauya shi ne mai rerawa. Mawaƙin siyasa na yanzu ɗan kwangila ne, yana da situdiyo da yara da mabiya a TikTok da YouTube. Dauda Kahutu Rarara ya isa misali: waƙoƙinsa sun raka Buhari a 2015, suka raka Tinubu a 2023, kuma a shekarar ce ya kira 'yan jarida ya soki mulkin Buharin. A gefensa akwai jaruman Kannywood da ake jerawa kan dandamali, da sojojin baka da ake saya wa fili a gidajen rediyo kowane dare.

Ga yadda abin yake aiki. Zambo ba ya kama suna. Za a kira mutum da sunan wata dabba, ko a taɓa tafiyarsa ko hularsa, kowa ya gane wanda ake nufi. Mai adaidaita sahu ya sa a sifika, yara su ɗauka a bakin famfo, a taka rawarsa a gidan biki, har wanda zai zaɓi mutumin ya tsinci kansa yana amshi. Ɗan takara kuwa bakinsa fes. In an tambaye shi ya ce ai masoya ne. Wani laƙabin ma ba ya jiran mawaƙi: bayan bidiyon da jaridar Daily Nigerian ta wallafa a 2018, an haɗa sunan Gwamna Ganduje da dala, ya musanta zargin karɓar cin hanci da ke cikin bidiyon, amma sunan ya bi shi har rumfar zaɓen 2019.

Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta zagi da ɓatanci a kamfe. Yarjejeniyar zaman lafiya irin wadda Jonathan da Buhari suka sa wa hannu a Abuja a Janairun 2015 ta ɗaure 'yan takara. Amma mawaƙi bai sa hannu a komai ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, gwamna ke naɗa shugabanta, don haka da wuya 'yan adawa su yarda da alƙalancinta. Abin yakan wuce baka: a Maris na 2023, bayan sanar da nasarar Abba Kabir Yusuf a zaɓen gwamnan Kano, an cinna wa gidan Rarara wuta.

Shawarata ita ce hukumar zaɓe ta INEC ta wajabta wa jam'iyyu su bayyana kuɗin waƙa da na filin rediyo cikin lissafin kamfe, da sunan wanda ya biya, a kuma kira shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa da na masu fim su sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya tare da 'yan takarar da suke yi wa aiki.