Ladan Alƙalami: Farashin Takardar Sanarwa da Hanyar Isar da Ita



An nemi mu yi magana a kan wata sana'a da wasunmu suka fara taɓawa tun ba su bar jami'a ba, wato rubuta wa kamfanoni da ƙungiyoyi takardar sanarwa ga 'yan jarida, a biya mutum ladansa ba tare da ya zama ma'aikacinsu ba. Rubutun kansa bai cika kayar da mu ba. Inda muke tuntuɓe shi ne wajen yanka farashi, da kuma sanin inda takardar za ta nufa in an gama ta.

Galibi akan kai asalin wannan aiki ga Ivy Lee na Amurka. A 1906 wani jirgin ƙasa ya faɗa ruwa kusa da Atlantic City, mutum fiye da 50 suka hallaka. Lee, wanda ke yi wa kamfanin jirgin aiki, ya rubuta bayani ya miƙa wa 'yan jarida, jaridar New York Times kuwa ta buga shi yadda yake. Ta buga ne domin akwai labari a ciki. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

To, nawa za mu ce a biya? Mu fara daga ƙasa. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. In muka raba shi kwana 22 na aiki, yini guda ya tashi kimanin naira 3,200, kuma wannan na wanda ba a nemi wata ƙwarewa a wurinsa ba ke nan. Takarda mai kalma 400 kuwa, mai kallo zai ce aikin rabin sa'a ce. Ina! Sai an je wurin mai aikin an tatsi bayani a bakinsa, an tabbatar da sunaye da muƙamai da ranaku, an rubuta, an kai masa ya soke rabi, an sake. Yini biyu sun tafi, ban da kuɗin mota da na waya. Wanda ya karɓi abin da bai kai ladan yini biyu ba, ya cuci kansa, ya kuma karya wa na bayansa kasuwa.

A ganinmu kuskure ne a yi ciniki bisa yawan kalmomi, domin kuwa kyakkyawar sanarwa gajera ce, ashe ke nan gwani zai ci tara saboda gwanintarsa. A yanka wa aikin kuɗi dungum, a rubuta cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa. In ana son ta da Hausa da Turanci, aiki biyu ne. Sa'an nan a karɓi rabi tun farko. Ba mu muka ƙago wannan ba, ai tun kaka da kakanni malamai ke karɓar kafin alƙalami.

Rarrabawa ita ma aiki ce daban da ladanta daban. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su PR Newswire da aka kafa a 1954, da Business Wire a 1961, da APO Group mai watsa sanarwa a Afirka. Kuɗinsu da kuɗin waje ne, saboda haka mai aikin shi zai biya da hannunsa, kada mu kuskura mu ranta masa. Hasali ma, mai makaranta a Zariya ba ya bukatar editan Landan ya ji labarinsa. Abin da zai amfane shi shi ne jerin da muka tara da guminmu: wane ne ke kula da labaran ilimi a Aminiya, wane ne editan labarai a gidajen rediyon Kano da Kaduna, wane ne wakilin Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya, wanda aka kafa a 1976, a jiharmu. A aika wa kowa da sunansa, da hantsi, a kuma yi wa rediyo gajeren kwafi mai daɗin karantawa a baki.

Ga abin da ya taɓa samunmu. Mun rubuta wa wani mai makaranta sanarwar buɗe ɗakin karatu, muka aika wurare goma sha biyu, rediyo biyu suka karanta, jarida ba ta ɗauka ba. Da muka je karɓar cikon kuɗinmu sai ya ce, “Samari, ni jarida na saya, ban gan ni a ciki ba.” Har yau ba mu ga cikon ba. Laifin namu ne, domin mun bar shi yana cinikin biri a sama. Edita ke da ikon bugawa ko ƙi, mu dai rubutu da aikawa muke sayarwa, kuma wajibi ne a sa wannan a takarda tun kafin a fara.

A nan ne za a raɗa mana cewa a sa ɗan na goro a ambulan a bi takardar da shi. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana ɗan jarida karɓar irin wannan, mai bayarwa kuma abokin laifi ne. Wanda yake son lalle sai ya fito a shafi, ga sashen talla nan, da farashinsa a fili da rasit. Mu gaya masa haka, mu raka shi in yana so.

Saura magana guda ga masu niyyar zarcewa da aikin bayan bautar ƙasa. Dokar soja mai lamba 16 ta 1990 ta ba Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Nijeriya, NIPR, ikon yi wa masu wannan sana'a rajista da sa musu ido. Kafin mutum ya buga kati ya kira kansa jami'in hulɗa da jama'a, ya leƙa reshensu na jiharsa ya ji sharuɗɗan.