Wahalar Git Ba Daƙiƙancin Yaranmu Ba Ne



Abin da ya tsayar da mu gabanku yau shi ne kukan yaranmu masu koyon rubuta manhajar kwamfuta. Wasu har sun fara cewa za su bar karatun, wai kansu ba ya ja. To, jama'a, abin da ke kayar da su wata manhaja ce da ake kira Git.

Aikinta kamar na littafin ɗan kasuwa ne. In mutum goma suna rubuta manhaja ɗaya, ita ke riƙe wanda ya canza wani abu da ranar da ya canza, in an yi ɓarna a koma baya. Linus Torvalds ya rubuta ta a Afrilun 2005, bayan masu BitKeeper sun janye izinin amfani da tasu kyauta. Cikin gaggawa aka ƙera ta, don ƙwararrun da ke aikin Linux. Ba don ɗan koyo aka yi ta ba.

Ku duba dai. A Subversion, wadda ta girme ta, in ka gyara fayil, umarni ɗaya ke kai shi rumbun kowa. A Git sai ka ware gyaran, ka adana, sannan ka tura. Umarnin checkout kuwa, shi ke sauya reshen aiki, shi kuma ke share gyaran da ba a adana ba. Nan wani yaronmu ya yi asarar aikin kwana biyu, ranar ko tuwo bai ci ba. Sai a 2019 aka kawo switch da restore don raba ayyukan nan. Shekara 14 fa!

Amma mu faɗi gaskiya, tana da rana. Kowa na da cikakken tarihin aikin a kwamfutarsa, ko babu intanet yana iya adanawa, kuma mu mun san halin layi. Guje mata ma ba zai yiwu ba, don GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, a kanta aka gina shi.

Saboda haka, samari, ku fara da umarni biyar: status, add, commit, pull da push. Ku riƙa yin commit a kai a kai, don abin da aka adana da wuya ya ɓace. Yayyenku da suka iya kuma muna roƙon su riƙa zama da ku ranar Asabar bayan La'asar.