Yadda Na Tayar da Fijon Mahaifina a Tsakar Gida

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon direban gwamnati, ya yi a taron ƙungiya na ƙarshen wata a nan Kuje. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, sai ɗan gyara kaɗan.



Da malam sakatare ya aiko mini cewa in zo in yi magana a kan motar nan, sai na ce masa ai maganar ta riga ta gama gari. Shekara uku cur duk wanda ya bi ta ƙofar gidana yana ganin ƙafafuna sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Akwai waɗanda suka ce ritaya ce ta taɓa mini kai. Na ji, kuma na yafe. To amma tun da samari huɗu ko biyar sun zo suna tambayata yadda za su yi da tsofaffin motocin da ke kwance a gidajensu, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Motar Peugeot 504 ce, wadda mu muke ce wa Fijo, haɗin Kaduna, ta shekarar 1981. Yaran yanzu ba su san matsayinta ba, don haka bari in ɗan koma baya. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin PAN da ke Kakuri ya fara haɗa motoci a 1975. Bayan an kashe Janar Murtala a cikin Marsandinsa ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta bi tsarin rage ƙawa, Fijo ta zama motar hukuma tun daga manyan sakatarori har ƙasa. Faransawa sun daina yin irin tawa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. Ni da kaina da 504 na yi ta jigilar fayil daga Ikko zuwa nan lokacin da gwamnati ta taso Abuja a Disamban 1991.

Wani yaro ya ce mini, Baba ai wannan ba motar tsere ba ce, motar alhazai ce. Na ce kai dai ba ka sani ba. Wannan 504 ɗin da kake rainawa ita ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, wani mutumin Suwidin mai suna Ove Andersson yana tuƙi. Tana kuma da ƙanwa mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana wa jiki, daga baya aka sa mata inji mai silinda shida. Ita ma ta ci Safari a 1978, ta kuma ci tseren Bandama na Kodebuwa a 1976 da 1978. Mai ƙofa biyun nan sau ɗaya na taɓa ganinta da idona, a Kaduna, ina saurayi, kuma har yau ban manta ba. Ba ni da kuɗinta. Abin da nake da shi shi ne yayarta mai ƙofa huɗu, sai na ce to, da ita za a yi.

Abu na farko da zan gaya muku ba na sifana ba ne, na gado ne. Mahaifinmu ya rasu ya bar motar a garinmu a ƙarƙashin darbejiya, ta yi shekara goma sha ɗaya kaji suna ƙwai a cikinta. Mu tara ne magada. Ranar da na ji 'yan gwangwan sun zo sun yi mata kuɗi za su sare ta su auna a sikeli, ban yi barci ba. Na tafi gida na ce ina so. Wani ƙanena ya ce ɗauki kawai Yaya, wa zai yi maka magana a kan wannan gwangwanin? Allah ya taimake ni ban ɗauka a haka ba. Na sa aka kira mutum biyu masu sanin mota suka yi mata kuɗi a gaban kowa, na biya kowane magaji rabonsa, mata da maza, aka rubuta aka sa hannu. Bayan shekara uku da na shiga garin da ita tana ƙyalli, sai ga maganganu sun fara tashi, wai motar Baba ce ta kowa da kowa. Takardar nan ce ta kashe wutar. Da ba ita, da yanzu ba ma gaisawa da 'yan'uwana a kan ƙarfe. Duk wanda zai taɓa motar gado, ya fara da wannan kafin ya sayi ko da kusa ɗaya.

Da aka jawo ta Kuje, kuskuren da na fara yi shi ne na ɗoki inji. Ina son in ji ƙararta. Ashe ba inji ne abin tsoro ba, tsatsa ce. Inji ko ya mutu ana samun wani, amma jiki in ya ruɓe a wurin da ke ɗauke da nauyi, sai dai haƙuri. Ku ɗaga kafet ku duba inda ƙafar direba take, ku duba ƙasan ƙofofi, da gindin gilashin gaba, da cikin but, da kan shokafzoba na gaba inda yake manne da jiki. Ku sa sukundireba ku caka, kada ku ji tausayi. Tawa a gefen direba ina cakawa sai na ga ƙasa. Kuma ku tuna nan ba Katsina ba ce, ruwan Kuje yakan fara tun Afrilu bai ɗauke ba sai Oktoba. Motar da ta yi shekaru lafiya a arewa, in ka bar ta a fili a nan damina biyu sai ta zama rariya. Rumfar kwano na fara kafawa tukuna.

Wani mai gyaran jiki da na fara kai wa aikin ya cika ramukan da fila ya shafe, ya fesa fenti, abin gwanin kyau. Wata biyar fenti ya kumbura kamar ƙurji. Dole aka kankare duka aka koma farko, aka yanke ruɓaɓɓen ƙarfe aka yi waldar sabo. Kuɗi biyu ke nan. Araha ba ta ado. Ban ga laifinsa sosai ba, ni na matsa masa a kan farashi.

To sai inji. Nan ne nake son samari su buɗe kunne. Injin 504 mai lita biyu ne, silinda huɗu, a kishingiɗe yake gefe guda, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kansa kuma alminiyam. Hannayen rigar da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a manne suke ba, zura su ake yi, ruwa yana zagaye da su. Wannan alheri ne, domin in sun cinye sai ka zare ka sa sababbi, ba sai an kai inji an rarake ba. Amma akwai tarko. In ka cire kan inji, kada ka kuskura ka juya karanshaf sai ka danne hannayen rigar nan da ƙarfe da noti. In suka motsa ko kaɗan, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa zai gangara cikin baƙin mai. Ni na juya. Na haɗa komai, na tayar, na yi murna, washegari na zaro ma'aunin mai na gan shi fari kamar kunun gyaɗa. Sai da aka sake sauke injin gaba ɗaya.

Sannan maganar zafi. Kusan kowane bakanike a ƙasar nan in ya ga Fijo, abin da zai fara yi shi ne ya cire tamostat ya jefar, ya ɗaure fanka ta riƙa juyawa kullum, wai ƙasarmu da zafi. Na yi shekara talatin ina yarda da haka. Yanzu na saɓa. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yana shan mai, yana kuma cin kansa da wuri. In mota tana tafasa, a wanke lagireto, a duba famfon ruwa da murfi. Kuma a daina zuba ruwan rijiya zalla, shi ke cinye kan alminiyam ɗin nan.

Kayan gyara kuwa sai da na zama ɗan yawon duniya. Na je Apo, na je Zuba, na je Panteka a Kaduna, na je Ƙofar Ruwa a Kano. Kayan inji ba su yi wuya ba. Abin da ya ba ni wahala shi ne ƙananan abubuwa, robar gilashi, fitilun baya, hannun ƙofa, da zakin nan na gaba. Ku riƙa tafiya da tsohon a hannu kuna gwadawa, domin 504 iri-iri ce, kuma sabo a kwali ba shi ne na ƙwarai ba. Sau da yawa tsohon asali da aka ciro daga wata motar ya fi shi.

Na yi sauye-sauye, ban ɓoye ba, ko da yake abokina da ke zaune a nan gaba ya ce na ɓata asali. Na cire giya mai huɗu na sa mai biyar ta 505, sai da aka yi aikin daidaita ta da bututun da ke kai ƙarfi ƙafafun baya, amma yanzu a hanyar filin jirgi injin ba ya kururuwa, mai ma ya ragu. Na cire kwantak na sa na lantarki, na huta da gogewa kowane wata. Na sake wayoyin motar kaf, don tsohuwar waya ita ke ƙona mota. Birki kuwa ban yi masa ciniki ba, bututu da roba da komai sabo na sa. Mota mai gudu wadda ba ta tsayawa makara ce. Na sa bel a kujerun baya saboda jikoki. Duk abin da na cire yana cikin buhu a ɗaki, wanda ya gaje ta in ya so ya mayar.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutane ke ce mini in mayar da ita mai gas. Ana yi, kuma injin kafireta yana karɓa. Amma don Allah ku ji wannan. Gas ɗin mota ana cusa shi da matsi wajen ba 200, tukunyar girki ba a yi ta don ko kusa da haka ba. A 2024 wata mota ta fashe a gidan gas a Benin saboda tukunyar da aka yi wa walda a bakin titi, mutane suka ji munanan raunuka. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne, a kai wa waɗanda aka horar aka ba su izini.

Kada kuma wanda ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. Ƙasar gidana ta jiƙa da ruwa wata rana, jak ya nutse, motar ta sauko. Kututturen da ɗana ya tura a ƙasa da safe, ina ma yi masa faɗa a kai, shi ya tsaya tsakanina da ita. Tsohon baƙin mai kuma a tara a jarka, kada a zuba a kwata. Yawancinmu rijiya da burtsatse muke sha, kuma zaman amana muke yi da Gade da Gbagyi da muka tarar a garin nan, bai kamata a ce mu ne masu ɓata ruwa ko tare hanya da mushen mota ba. In ka canza inji ko launi, ka je wurin VIO a gyara takardu, lambar inji da ta shasi su dace da abin da ke rubuce. In ba haka ba, wata rana a shingen hanya za ka yi ta rantsuwa cewa motar ubanka ce ba mai saurarenka.

Ɗan nan nawa da ya tura kututture, lokacin da muka fara ya gama sakandare yana zaune ba aiki, ko sifana mai lamba goma bai sani ba. Yanzu yana wajen wani ubangida a Apo, kwanan baya ma shi ya gyara mini kafireta ina tsaye ina miƙa masa kaya.

Motar tana nan waje gindin mangwaro, na bar bonet a buɗe, wanda ke so ya leƙa bayan an tashi. Yara dai kada su hau but. Har yanzu ina neman agogon gaban direba na asali, in wani ya san inda wata ke kwance a garinsu, ya yi mini magana kafin 'yan gwangwan su riga ni.