Albarushin Sin a Hannun Maƙeran Damagaram



Kowa ya san ƙirƙire-ƙirƙire huɗu da ake jingina wa Sinawan dā: takarda, ɗab'i, allurar nuna alƙibla da albarushi. Wannan takarda za ta tsaya a kan na ƙarshe, domin shi ne Damagaram ta koya har ta iya haɗa shi da hannunta.

Masu haɗa magunguna a Sin ne suka yi kiciɓis da shi a ƙarni na 9, suna neman maganin tsawon rai. Abu uku suka gauraya: gawayi, farar wuta da wani gishirin ƙasa mai ƙara wa wuta ƙarfi. A 1044 an rubuta yadda ake haɗa shi a cikin wani littafin soja na daular Song. Kafin ƙarni na 13 ya ƙare ya isa hannun Larabawa da Turawa. Sarkin Borno Idris Alauma kuwa, a ƙarni na 16, yana da dakaru masu bindiga da Turkawa suka horar.

Sai zamanin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884. Ayarin Tarabulus na kawo masa bindigogi, amma bai yarda ya zauna jiran fatake ba. Ya sa aka riƙa haɗa albarushi a cikin birnin Zinder, ya tara maƙera suka zuba igwa. Masana tarihi sun ambaci bindigogi kimanin 6,000 da igwa wajen 40 a rundunarsa. Da irin wannan ƙarfi Damagaram ta shimfiɗa ikonta a kan maƙwabta, har da ƙasar Kance inda Matameye take a yau, kuma Sarki Amadu Kuran Daga ya iya kai yaƙi ƙasar Kano kafin Faransawa su ci shi a Tirmini a 1899. Ba yaƙin ake yabo a nan ba, domin talakawa sun ji jiki. Abin dubawa shi ne, fasaha ta keto duniya ta iso, sarki ya sa mutanensa suka koye ta.

Takarda ba ta samu wannan gata ba. Cai Lun ya kyautata yin ta a Sin a shekarar 105, ta bi ta Samarkand da Bagadaza zuwa Italiya, daga can aka riƙa kawo wa malamanmu mai tambarin wata uku. Sayen ta ake yi a lokacin, sayen ta ake yi har yau.

To, yanzu ga Sinawan da kansu a jihar Zinder. Matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a Nuwamban 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60 cikin ɗari, Nijar na da 40. A Maris 2025 gwamnati ta kori manyan jami'an kamfanonin man Sin su uku, tana ƙorafi a kan tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Shekara 13 ana kallo kafin a motsa! Albashin ma ɗan ƙaramin ɓangare ne na matsalar. Injiniya nawa ƴan ƙasa za su iya tafiyar da matatar idan baƙin suka tafi? Hukumomi su fito da adadin, jama'a su gani.

A fadamun Korama kuma, masu noman rake da kayan lambu sun dogara da ƙananan injinan ban ruwa ƙirar Sin. Makanikan Matameye suna kwance su, su mayar, ba tare da wata makaranta ta koya masu ba. In ƙarfe ɗaya ya karye, sai a jira wanda zai taho daga Kano ta Ɗan Barto.

Buƙatar takardar nan biyu ce. Duk wata yarjejeniya da kamfanin Sin ta ƙunshi adadin ƴan ƙasa da za a horar da ranar da za su karɓi aikin. Sannan Jami'ar André Salifou ta Zinder da hukumomin garin Matameye su buɗe wa maƙera da makanikai wurin zuba ƙarfe, a fara da kayan gyaran injin ban ruwa.