Amsar Wasiƙunku: Ko Akwai Illa A Daɗe Ana Shan Maganin Ciwon Gaɓoɓi?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Gusau. Ya ce mahaifiyarsa ta haura shekara 60, ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa da kumburin yatsun hannu. Shekara biyu ke nan kullum sai ta sha diclofenac safe da yamma, in ciwon ya matsa ta ƙara da ibuprofen. Yanzu kuma ta fara kukan zafin ciki. Shi ne yake tambaya, ko maganin ne ya jawo, kuma ko za ta iya ci gaba da sha?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, Allah ya ba Hajiya lafiya. A gaskiya akwai alamar maganin ne ya taɓa mata ciki, don haka ta dakata da shi, ka kai ta asibiti cikin makon nan. Amma bari mu yi bayani dalla-dalla, domin gidaje da yawa suna cikin wannan hali.

Su waɗannan magunguna 'yan gida ɗaya ne: aspirin, da ibuprofen, da diclofenac, da naproxen, da piroxicam wanda aka fi sani da Feldene, da kuma indomethacin, wato Indocid. Aspirin ne babbansu, tun shekarar 1899 kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da shi. Ibuprofen kuwa a 1969 ya shiga kasuwa a Ingila. An daɗe ana sha ba a san yadda suke aiki ba, sai a 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa suna hana jiki ne yin wani sinadari da ake kira prostaglandin, wanda shi ke kawo zafi da kumburi a inda ciwo yake. Wannan bincike ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1982.

To a nan fa gizo ke saƙa. Shi wannan sinadari ba ciwo kaɗai yake kawowa ba. Shi ne ke sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, kuma yana taimaka wa jini ya riƙa isa ƙoda yadda ya kamata. In aka danne shi na kwana uku ko huɗu, yawanci jiki zai jure. In kuwa aka yi wata da watanni, sai tumbi ya rasa garkuwa, gyambon ciki ya shigo, wani lokaci har da zubar jini. Ƙoda ita ma ta galabaita, musamman ga tsofaffi, da masu ciwon suga ko hawan jini, da wanda ya wuni cikin zafin bazara ko azumi babu isasshen ruwa a jikinsa. Zuciya ma ba ta tsira ba. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙara tsaurara gargaɗi cewa waɗannan magunguna, ban da aspirin, suna ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Abu na biyu, Malam, maganin nan yana kwantar da ciwo ne, ba ya warkar da cutar. Kamar tukunya ce tana tafasa ka zuba mata ruwan sanyi, za ta lafa, amma wuta na nan tana ci a ƙarƙashi. Abin da mu Hausawa muke haɗawa mu kira sanyin ƙashi, a wajen likita iri-iri ne. Akwai na sauɗewar gaɓa saboda shekaru da aiki da nauyin jiki. Akwai wanda garkuwar jiki ce da kanta take far wa gaɓoɓi, shi ne mai kumbura yatsun hannu biyu, mutum ya tashi da safe hannu a sandare sama da rabin awa. Wannan yana da nasa maganin, irin su methotrexate, wanda likita ke bayarwa yana bi da gwajin jini, kuma in an makara yatsu kan karkace ko da ana shan maganin kashe zafi kullum. Akwai kuma wanda wani gishiri ke taruwa a gaɓa, ya fi kama babban yatsan ƙafa. Tunda ka ambaci kumburin yatsu, lalle a binciki Hajiya a san wanne ne.

Ga wanda ya zama dole ya sha kuwa, sai a kiyaye waɗannan. Kada a haɗa biyu daga gidan nan a lokaci guda, illar ce ke ƙaruwa. A yi hattara da haɗin nan da ake ƙullawa a leda a wasu kemis ko a wajen masu talla, domin sau da yawa za ka tarar da iri biyu ko uku a ciki, ba suna ba takarda. A sha bayan an ci abinci, da ruwa mai yawa. Babba kada ya wuce miligiram 1,200 na ibuprofen a yini, kuma kada ya wuce kwana 10 yana sha, sai da izinin likita. In ciwon a gwiwa ne ko a hannu, akwai diclofenac na shafawa, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Paracetamol ya fi sauƙi ga ciki, ko da yake ba ya sauke kumburi, shi ma kada a wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini. In likita ya ga dole a daɗe ana sha, yakan haɗa da maganin kare ciki irin omeprazole, yana kuma duba ƙoda da hawan jini lokaci-lokaci. Gashi da ruwan ɗumi, da tafiya a hankali kowace rana, da rage ƙiba, su ma suna rage wa gwiwa wahala.

Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, da mai asma wanda aspirin ke tayar masa da ita, duk kada su sha sai likita ya ce. Haka mace mai ciki, musamman daga mako na 20. Wanda kuma likita ya ɗora a kan ƙaramin aspirin saboda zuciya, kada ya daina don ya ji wannan shiri, ya koma ya tambaya tukuna.

Daga ƙarshe Malam, in ka ga bayan gidan Hajiya ya yi baƙi kamar kwalta, ko ta yi aman jini, ko ƙafafu sun kumbura, ko fitsari ya ragu, kada ka jira gari ya waye. In za ku tafi, ka tattara duk ƙwayoyin da take sha a nuna wa likita, har da na gargajiya. Kada garin neman ƙiba a samo rama.

Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.